Man Mashin Ƙanƙara da Idona na Hagu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Gure, zuwa ga Abba mai sunan Malam, a Damagaram.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ka. Allah Ya haɗa ka da mai masauki nagari da abokan aiki masu amana, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na wuta. Mutanen gida duk lafiya, suna gaishe ka. Labarinsu za ka ji ta bakin masu zuwa kasuwa, ba shi na zauna rubutawa ba.

Ka san yadda muke da kai. Kai ne na fari, tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kakarka ce ta raine ka. In ina da saƙo sai in ba baffanka ya faɗa maka, ko da kana tsaye a bakin zaure kana jina. Haka muka tarar, haka muka yi. Ƴaƴan mutane sun zauna a gabana sun koyi karatu da lissafi da riƙon kayan aiki, kai kuwa a lakwal, makarantar boko, da garajin motoci ka koya, a hannun wasu. Ranar da za ka tafi na raka ka har bakin mota da magana a bakina, amma "Allah Ya kiyaye hanya" kaɗai ta fito, kai ma ka ce "amin" kana duban ƙasa. Da na dawo gida na kasa fita garka yini guda. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Aikin da aka ɗauke ka, kula da mashin ƙanƙara, shi na yi shekara tara a Kwatano, bakin teku. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne maganar idona na hagu. Duk Gure an san ciwon ido na kamu da shi a ƙasar ruwa. Ba ciwo ba ne. Mashin ne ya ɗauke shi, da hantsi, ina ƙara masa mai, aikin da na riga na yi sau da yawa har hannuna ya haddace. Na ɓoye ne saboda kakanka Malam, Allah Ya jiƙansa, bai so tafiyata ba tun farko, ni kuma ban iya dawowa na ce masa ya yi gaskiya ba. Yanzu ga ka za ka tsuguna gaban irin wannan mashin da idanunka biyu lafiyayyu. A kansu nake wannan rubutu.

Kai motar kaya ka sani. A mota in mai ya yi ƙasa, murfi kake cirewa ka zuba ka mayar. Hannunka ya saba da haka, wannan sabon kuwa shi ne farkon abin da nake jin tsoro. Mashin ƙanƙara yana da zuciya da ake kira kwampresa. Ita ke zuƙo iskar amoniyak daga bututan da ke nutse cikin ruwan gishiri, ta matse ta, ta tura ta gaba ta huce, ta zagayo ta sake sanyaya bututan. Man da ke shafe ƙarafan kwampresa yana kwance a ƙasanta cikin wani wuri kamar tukunya, iskar nan kuma tana tare da shi a ciki, a matse. Ba a buɗe wannan tukunya yadda ake buɗe ta mota. Amoniyak in ta sami ido ko maƙogwaro cin su take yi, kuma ba ta ba mutum lokacin ja da baya. A jikin tukunyar akwai ɗan gilashi zagayayye, bai fi bakin ludayi ba, ta nan ake ganin inda mai ya tsaya. Rabin gilashi ake so. Kusa da shi akwai agogo mai allura ɗaya, yana nuna ƙarfin iskar da ke ciki.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne mutumin Sanigal, muna ce masa Shef Samba, don shi ne shugaban aiki. Faransancinsa gudu yake yi, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, ba ta wuce gaisuwa da zagi ba. A mako na biyu ya ja ni gaban gilashin nan, mashin yana ruri, ya yi bayani mai tsawo yana nuni da yatsa. Cikin duk abin da ya faɗa, "mai" da "gilashi" kaɗai na kama. Ya ce, "Ka gane?" Na ce, "Na gane, Shef." A lakwal wanda ya ce bai gane ba bulala yake sha, a gida kuma an koya mana ba a sa babba ya maimaita magana.

Ranar da ya bar ni in ƙara man ni kaɗai, na duba na ga rabin gilashi. Ka san mutanenmu. A Gure in aka kai wa baƙo akushi ba a ga man shanu kwance a kan miya ba, sai an yi da gidan a bakin rijiya. Na ce a raina wannan rabin rowar Nasara ce, mashin da ke wahala dare da rana ai bai kamata a yi masa awo da ƙyashi ba. Na bar mai ya hau har gilashi ya cika ya zama rawaya gaba ɗaya, na ƙara masa gyara kamar mai auna gero. Na tafi salla ina jin na yi abin kirki.

Kwana biyu kwampresa ta fara bugu a ka, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Kwana uku ƙanƙara ta fara fitowa da ruwa a tsakiya. Shef Samba ya tsuguna ya dubi gilashi, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya juyo ya dube ni. Akwai wani Bafillace mai suna Hamadu, shi ke jan ƙanƙara daga ma'auninta, wato gwangwanin da take daskarewa a ciki, mun shaƙu da shi sosai, ka kuwa san wasan da ke tsakaninmu Barebari da Fulani.

Ya ce, "Shef, ai ka gode wa Allah. Babarbare ya ga mai. Da ka ƙara minti kaɗan a waje da ka tarar ya kawo tuwo yana dangwala."

Na ce, "Kai da ba ka san komai ba sai bin wutsiyar saniya, me ka sani a mashin?"

"Na san ba a ɗura wa saniya ruwa har ta kumbura, bawana."

Shef bai yi dariya ba. Ya ce, "Mamadu, me na ce maka ran nan?"

Na ce, "Ban ji sosai ba, Shef."

"To me ya sa ka ce ka gane?"

Kwana huɗu muka yi muna tatsar mai daga bututu. A nan na koyi cewa man da ya wuce kima ba ya zama a tukunya. Iska ce ke kwashe shi ta kai cikin bututan sanyi, ya kwanta a jikinsu kamar bargo, sanyi ya kasa fitowa. Na kuma koyi cewa in mai ya ragu a gilashi, mashin bai cinye shi ba, yana nan wani wuri cikin bututu. Saboda haka in ka ga yana raguwa da sauri fiye da yadda ya saba, kada ka yi ta ƙari. Nemi inda ya tafi.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, kada ka ce ka gane sai ka gane. In shugabanka ya gama bayani, ka ce ya ba ka izini ka maimaita masa da bakinka, yatsanka a kan kowane famfo da kake ambata. In ya yi tsaki, bar shi ya yi. Tsakin nan ba zai bi ka har gida ba.

Ga yadda ake ƙara man, kamar yadda Shef Samba ya sake koya mini bayan wannan, hannunsa a kan nawa. Da safe ake yi, da haske, ba a ƙarshen yini ba lokacin da hankali ya riga ya tafi gida. Ka buɗe ƙofa da tagogi, ka lura da inda iska ke kaɗawa, ka tsaya tana bugun bayanka. Ka cika bokiti da ruwa mai tsabta, ka ajiye inda hannunka zai kai ko idonka a rufe. Ka bar mashin ya yi aiki ya ɗauki zafi kafin ka yarda da gilashi, don in yanzu aka tashe shi mai yakan yi kumfa ya nuna maka ya isa alhali bai isa ba.

Sannan ka rufe babban robine, wato famfon da iska ke shiga kwampresa ta cikinsa, a hankali, mashin yana tafiya. Kwampresa za ta zuƙe iskar da ke cikin tukunya. Ka zuba wa agogo ido. Allura za ta yi ta sauka har ta kai sifiri, ta ɗan wuce ƙasa. Sai ta wuce ƙasa tukunyar ke ja ciki. In tana sama da sifiri, ko da faɗin gashi ne, turowa waje take yi. Da ta wuce ƙasa ka tsayar da mashin. Ka ɗauki tiyo ka cika shi da mai tukuna don ka kore iskar da ke cikinsa, ka ɗaura baki ɗaya a ƙaramin robine na jikin tukunya, ɗaya bakin ka nutsa shi can ƙasan bido, wato jarkar mai. Ka tsaya a gefe, fuskarka ba ta kan bido ba, ka buɗe kaɗan. Mai zai hau da kansa, ba ka buƙatar ɗaga komai. Ka raba idanunka, ɗaya a gilashi ɗaya a bido. Aikin mai ido biyu ne, shi ya sa na bar shi. Da mai ya kai rabi ka rufe ƙaramin robine, ka cire tiyo, ka tashi mashin, ka buɗe babban a hankali kana sauraron kan kwampresa. In ta yi bugu, rage, ka jira.

Bakin tiyon nan da ke cikin bido shi ne kuskurena na biyu. A shekarata ta uku a can, ban ji Barbarci a kunnena ba tun da na bar gida. Wata safiya ina tsugune, na buɗe ƙaramin robine, mai yana hawa, sai na ji sallama a bakin ƙofa da harshenmu. Baba Kyari ne na Gamu, aminin Malam, fatauci ya kai shi har teku, ya yi ta tambaya har aka nuna masa inda nake. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuɓe takalma, na je na durƙusa a gabansa. Ka san gaisuwarmu ba ta da gajeriya. Ya tambayi lafiyata da aiki da zaman baƙunta, na tambayi Malam da Inna, da damina, da dabinon kwari, da wanda ya rasu da wanda aka haifa. Muna kan raƙuman kawuna sai na ji wani sauti a bayana, irin na mai zuƙe ƙarshen fura a ƙwarya. Man da na zuba a bido ya ƙare, bakin tiyo ya fito fili, mashin yana shan iskar waje.

Da muka tashe shi kan kwampresa ya yi zafin da hannu ba ya taɓawa, allurar ɓangaren matsi ta yi ta hawa. Dole aka tsayar. Yinin nan duka muka yi muna fitar da baƙuwar iskar kaɗan-kaɗan ta cikin ruwa, masu kifi suna tsaye a waje da kwandunansu har suka gaji suka tafi. Baba Kyari yana zaune a inuwa yana kallonmu. Da na fito ya ce, "Ɗan Malam, ko na zo a mugun lokaci?" Na ce, "A'a, Baba, ba komai." Shef Samba ya sa Hamadu ya fassara masa, ya ce, "Gaya wa dattijo mun gode da ziyara. In zai dawo ya aiko tun jiya, mu kashe mashin mu shimfiɗa tabarma."

Ni a Kwatano sau ɗaya aka zo mini cikin shekara uku. Kai a Damagaram kake. Duk wanda ya kawo kanwa ko dabino ko tumaki daga nan zai ce bari ya leƙa ya ga ɗan Mamadu da ke yin ƙanƙara da rani. Za su zo, kuma manya ne. Ka amsa sallama da baki, hannunka yana kan robine. Ka ce, "Baba, a yi mini haƙuri in rufe wannan." Ka rufe, ka duba ka tabbata, sannan ka je ka durƙusa yadda ya kamata, ka kai gaisuwar har ƙarshenta. Ko ni ne na tsaya a ƙofar, rufe tukuna.

Akwai kuma maganar man kansa. Wata shekara jirgin ruwa ya yi jinkiri, namu ya ƙare, na ce ai mai duk mai ne, na ɗebo na injin da ke juya mashin na ƙara. Da ya isa bututan sanyi ya daskare kamar man shanu a cikin hunturu, ya toshe hanya, muka sake kwana da kwanaki muna tatsa. Man kwampresa daban ne, an yi shi don kada sanyi ya kama shi. A can za a sami mai ce maka man gyaɗa ma zai yi, tun da yana da yawa kuma yana da kyau a ido. Ba zai yi ba, in ya haɗu da amoniyak kamar sabulu yake komawa. In naku ya ƙare, ka faɗa tun da sauran rabin bido, in bai iso ba a tsayar da mashin. Ka riƙa rufe bido da zarar ka gama, ka tace mai da ƙyalle mai tsabta. Mu a bakin teku laima ce abokiyar gabarmu, ku kuwa rairayi ne, ka san yadda yake shiga har cikin akwatin da aka kulle.

Yanzu maganar ido.

A shekarata ta tara ni ke ƙara mai, ba mai tsaya mini. Shef Samba ya tsufa, ganinsa ya ragu, amma ba ya yarda ya sa tabarau a gabanmu. Mu duka mun sani, ba mai faɗa. Mutumin nan a gidansa nake cin abincin Juma'a, matarsa "ɗana" take ce mini, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa gidan likita.

Ran nan wani jirgi yana jiran ƙanƙara zai tashi, Baturen kamfani ya aiko sau biyu. Na rufe babban robine, allura ta fara sauka, amma a hankali. Daga baya aka gano datti ne ya hana robinen zama daidai, iska tana ta silalowa. Allura ta zo ta tsaya layi biyu sama da sifiri. Shef yana tsaye a bayana, taku huɗu. Ya ce, "Ta sauka. Tsayar, ka buɗe."

Na dubi allura. Na ga inda take, babu shakka a raina. Hamadu yana wurin da wasu lebura biyu. In na ce ba ta sauka ba, na faɗa a gabansu ke nan cewa tsohon ba ya gani. Na ce a raina layi biyu ne kawai, bari in buɗe kaɗan, in ya turo sai in rufe da sauri, ba wanda zai lura. Na tsuguna, na sunkuya kan bido don in ga bakin tiyo, na murɗa.

Tiyon ya yi tsalle ya fito daga bido. Mai da amoniyak suka watso mini a fuska.

Abin da na fara ji ba zafi ba ne, numfashi ne ya ɗauke. Na sa hannun riga na murje idon hagu, wannan kuwa shi ne mafi munin abin da na yi a ranar. Ina jin Hamadu yana cewa a kawo nono, wani yana cewa a'a, kwalli za a sa. Bokitin da ya kamata ya kasance a gefena babu, an ɗauka ana wanke daɓe, ni kuma saboda gaggawa ban nema ba. Shef Samba ne ya rufe robinen da hannu ɗaya, ya shaƙo wuyan rigata ya ja ni har kwamin ruwan da ake tsoma ma'aunin ƙanƙara, ya dulmiya kaina. Ya buɗe mini fatar ido da yatsunsa, yana ɗagowa in shaƙi iska yana mayarwa. Ina dukansa yana ci gaba. Likita ya ce wannan ne ya ceci na dama. Na hagu na riga na murje shi.

In Allah Ya ƙaddara abin ya taɓa ka ko wani a gabanka, ruwa kaɗai. Ba nono, ba mai, ba kwalli, ba tofi tukuna. Kada a murza. A buɗe idon da ƙarfi a yi ta zuba ruwa har mai zubawa ya gaji, wani ya karɓa, sannan a tafi likita.

Kwana uku bayan haka Shef ya zo duba ni. Fuskata a naɗe take, muryarsa kawai nake ji.

Ya ce, "Mamadu, ka ga allurar?"

Na ce, "Na gani, Shef."

"Tana sama?"

"Tana sama."

"Ka kuma buɗe."

"Kai ka ce in buɗe."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Da ka kira ni tsohon makaho a gaban duk mutanen Kwatano, da yanzu ina gode maka."

Bai kai damina a wurin aikin ba. Ya tattara ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba. Ban taɓa riƙe shi a raina ba, ba shi da laifi sai na rashin sa tabarau. Kunyar da na ji masa ba ta tsare shi daga komai ba. Ni ta ci mini ido, shi kuma ta raba shi da aikin da ya yi tun yana saurayi, da abin da zai riƙa tunawa har ya mutu.

Ba zan ba ka wannan labari ba da ban ga halina a jikinka ba. Ban yi maka magana ba, amma ina kallo. Bara a garka baffanka ya ce ka ɗaura dutsen jigo a wurin da bai dace ba. Na ga ka dubi itacen, na ga ka sani. Ka ce "to," ka ɗaura yadda ya ce, ka jira har ya hau tudu ya ɓace, sannan ka kwance ka gyara. Na ji daɗin ladabinka a ranar, yanzu kuma shi ke hana ni sukuni. A garka akwai lokacin da babba zai tafi ka gyara. A gaban kwampresa, tsakanin "to" da abin da zai faru murɗawa ɗaya ce.

Ban ce ka zama marar kunya ba. Ka gaida shugabanka da safe, ka ɗaukar masa kaya, kada ka zauna yana tsaye, kada ka ɗaga masa murya. In ya yi kuskure a abin da za a iya gyarawa gobe, ka bari sai kun keɓe. Amma in allura tana sama da sifiri, ba Shef, ba Bature, ba kumandan da zai sa ka taɓa ƙaramin robinen nan. Ka janye hannunka ka sa a baya, ka ce, "Shef, zo ka duba da kanka, a wurina ba ta sauka ba." In ya zo ya duba, shi ke nan. In ya ce ka buɗe duk da haka, ka ce ba za ka buɗe ba. Kada kuma ka bari shi ya buɗe kana tsaye kusa.

Na san abin da zai zo maka a rai a lokacin, don ya zo mini. Za ka ce in aka sallame ka me za a ce a Gure, da wane ido za ka dubi mutanen da suka raka ka. To ga amsata tun yanzu, a rubuce, don kada ka tsaya kana lissafi hannunka a kan ƙarfe. In aka sallame ka saboda ka ƙi buɗewa, ka dawo gida kai tsaye. Ni zan tare ka a bakin gari. Duk wanda ya tambayi dalili ni zan amsa masa, in kuma ya ƙara tambaya in gaya masa yadda aka yi na zama mai ido ɗaya. Na gaji da ɓoyewar ma.

Abu ɗaya ya rage. Shekara goma sha wani abu ke nan rabona da mashin, na kuma ji an canza abubuwa. Mai yiwuwa naku yana da famfon hannu na tura mai, mai yiwuwa robinen ba a inda na ce suke ba, mai yiwuwa akwai abin da na manta. Idan ka yi mako biyu ka san mashin ɗinka, ka zauna da takardar nan a gabansa ka bi ta layi-layi. Duk inda ka ga na yi kuskure, kada ka gyara a ranka ka yi shiru. Ka rubuto mini, ba ta hannun baffanka ba, ka ce, "Baba, ba haka ba ne." Ina so in ga hannunka ya iya rubuta wannan ga wanda ya girme ka. Da ni za ka fara.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ganinka da numfashinka. Allah Ya ba ka shugaba mai sauraro, Ya sa albarka a hannunka, Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da Ya so. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka gaida mai masaukinka da iyalinsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamadu na Malam